Hoton hujin allura: dijital ko fim?

Ɗan Wunti: Salamu alaikum 'yan zaure. Na huda murfin bakin kyamarata Canon, na manna gutsuren gwangwani mai hujin allura, babu gilashi ko ɗaya. Hoto yana fita amma duk dishi-dishi. Wanda nake gani na masu fim kuwa ya fi nawa fita nesa ba kusa ba. In nemi fim ne, ko in rage hujin?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Kada ka rage. Huji in ya cika ƙanƙanta, haske bazuwa yake a bakinsa, dishin ya ƙaru. A Canon irin taka daga bakin kyamara zuwa sensa, wato farantin da ke kama hoto, milimita 44 ne, hujin da ya dace wajen milimita 0.3.

Ummi Yelwa: Malam, wa zai auna 0.3 da allurar tela?

Malam Garba: Ɗora gwangwanin a sikana tare da rula, ki buɗe a kwamfuta. Kuma a goge bayan hujin da samfefa mai laushi.

Baba Mai Hoto: Yaro, ba laifin dijital ba ne, faɗi ne. Kowane ɗigon haske da ya ratsa hujin, tabo yake yi kusan girman hujin. Sensarka faɗinta wajen milimita 22, ka ga tabo saba'in da 'yan kai sun cika ta. Fim ɗin 6x6 milimita 56 ne, tabon bai canja ba, fili ne ya ƙaru. Sai ka ɗauki ƙaramin hoton ka baza a allon kwamfuta kana leƙen gashin ido, ina zai yi?
Amma abin da zan ja maka kunne shi ne ƙura. A irin wannan hujin, wajen f/150 kake (wato nisan hujin zuwa sensa ya ninka faɗinsa wajen sau 150), duk ƙwayar ƙurar da ke kan sensa sai ta fito baƙi ƙirin. Ni da hunturu na gwada, a Gubi, hujin a buɗe yini guda. Na dawo sararin sama duk ɗige-ɗige kamar zabuwa. Na kai wa wani mai gyara, ya sa auduga da abin da shi kaɗai ya sani, ya bar mini zane a tsakiya. Har yau da shi nake ɗaukar biki, ina gogewa hoto bayan hoto. Kuɗin gyaran ma bai rage mini ko sisi ba.

Sadiq: Allah ya mayar da alheri, Baba. Da Nikon ce da ba haka ba.

Malam Garba: Ƙura ba ta karanta suna, Sadiq.

Sadiq: To wa ke wanke fim yanzu? Ku daina tura yaro wahala.

Baba Mai Hoto: Takardar hoto baƙi da fari ta isa. Kwali, takarda a ciki, ka wanke da jan fitila, ka juya nagatif ɗin a waya. Sai dai haƙuri, ba ta saurin kama haske, a inuwa mintoci ne.

Ummi Yelwa: Ni dishin ma nake so. Mai son garau ya mayar da gilashinsa mana.

Ɗan Wunti: Anti Ummi kin gama da ni.

Sadiq: Af, Ɗan Wunti, mai ƙafa ukun ɗora kyamara da ka ara tun ƙaramar Sallah fa?

Ɗan Wunti: Yaya Sadiq, a zaure?

Malam Garba: Lahadin ƙarshe ta Afrilu ce ranar hoton huji ta duniya. Wa ke da mota mu je Yankari?

Sadiq: Sai an kawo mini kayana.