Sabar gidana tana mutuwa da asuba duk da sola

Assalamu alaikum. Masu sanin harkar sola, don Allah ku taimaka, abin ya ishe ni.

Ina da ƙaramar kwamfutar saba (server, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima) da dole ta kwana a kunne, tare da rauta (na'urar raba intanet) da faifan ajiya biyu. Na auna da mita, wat 65 suke ja dare da rana. Na haɗa farantin sola biyu masu wat 300 kowanne, batirin ruwa ɗaya mai bolt 12, 200Ah (yawan cajin da yake ɗauka), da inbata.

Da rana lafiya lau, kwanturola (na'urar da ke daidaita cajin batiri daga farantan) na nuna batiri ya cika kafin la'asar. Amma wajen ƙarfe huɗu na asuba sai inbata ta hau kuka, bolt ya faɗi 11.5, komai ya ɗauke. Sau biyu ke nan fayilolina na lalacewa.

Na sauya kwanturola daga nau'in PWM zuwa nau'in MPPT (wanda ya fi tatso wuta daga farantai), na goge farantan, shiru. Jiya na gano inbatar kanta tana shan wat 25 ko ba a jona mata komai ba. To ko da hakan, jimillar wat 90 na awa 10 na dare wat-awa 900 ne kawai, alhali batirin wat-awa 2,400 ne a rubuce (bolt 12 sau 200Ah).

Ta yaya zan tabbatar ko batirin ne ya gaji, ko kuwa farantan ne ba sa cika shi da gaske?