Yaya gashin ƙari ɗaya ke shafar wani ƙarin da ke nesa?

Ummu Hafsat: Assalamu alaikum. Na ji cewa wani lokaci idan aka yi wa mai ciwon daji gashi, wato magani da hasken radiyeshan, a wuri ɗaya, ƙarin da ke wani sashe na jiki, wanda hasken bai taɓa ba, yakan motse. Ta wace hanya hakan ke faruwa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin yana faruwa, kuma masanin Birtaniya R. H. Mole ne ya raɗa masa suna abskofal a 1953. Idan hasken ya farfasa DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayar ciwon daji (kansa), gutsattsarinsa sukan fito daga cibiyar ƙwayar, sai wani furotin mai suna cGAS ya gano su ya tayar da wani furotin mai suna STING, wanda ke sa a saki intaferon, sinadarin da ke kai saƙo ga garkuwar jiki. Wannan saƙon ne ke taimakawa wajen horar da ƙwayoyin T na garkuwar jiki, su bi jini su farmaki irin wannan kansar a duk inda take.

Dakta Bala: Bayanin Malam daidai ne, amma gashi shi kaɗai ba kasafai yake haifar da haka ba, domin ƙari yana da dabarar danne ƙwayoyin T. Shi ya sa ake haɗa shi da magungunan da ke kwance wa garkuwa takunkumi. A 2012 aka wallafa labarin wata mai kansar fata a Amurka da ke karɓar ipilimumab, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, wadda ƙarinta na nesa suka ragu bayan gashi.

Ummu Hafsat: Na gode, Allah ya ƙara ilimi.