Tafasa da raiɗore: abin da aka tattauna

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro kan tafasar da ke fitowa a bayan gari, nan wajen Ringim.

1. An yarda fure ba ya bambanta tafasa da raiɗore, duk rawaya ne. A duba ganye: na tafasa shida ne, bibbiyu, bakinsu a zagaye. Na raiɗore mai tsini ne, in ka murza sai wari. Don Allah a riƙe wannan, 'ya'yan raiɗore na cutar da dabbobi.

2. A tara irin tafasa da kaka, a jiƙa a ruwan zafi kafin shuka.

3. Kan shukawa a gona aka rabu. Wasu sun ce za ta mamaye gero, wasu sun ce a ware mata gefe saboda kwaɗon ganyenta.