Taƙaitawa: abin da aka faɗa kan Majalisar Tarayya

Ga abin da na tsinta daga bayanan jama'a a tattaunawar da aka yi kan yadda Majalisar Tarayyar Najeriya ke aiki:

1. Babu saɓani: sanatoci 109 ne, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. 'Yan Majalisar Wakilai 360, an raba kujerunsu bisa yawan jama'a, shi ya sa Kano ke da 24, Bayelsa 5.

2. Ƙuduri sai ya tsallake majalisun biyu. In shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya mai da shi doka.

3. Mai son kai koke majalisa sai ya fara da wakilin mazaɓarsa, a rubuce.

4. Inda aka rabu: wasu na son a soke Majalisar Dattawa saboda tsadarta. Ni dai ina tare da masu cewa in an soke ta, ƙananan jihohi za su rasa murya.