Ruwa a gefen huhu, me yasa sai an kai shi lab?

Yar Gwale:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka. Babanmu sati uku kenan yana tari da haki, baya iya kwanciya sai an jera masa filo biyu uku. Jiya akayi masa hoton ƙirji akace ruwa ya taru ta dama, suka sa allura tsakanin haƙarƙari suka ja, rawaya ne kamar shayin da ba madara. Ni abinda ya ɗaure min kai me yasa baza a zuƙe shi duka kawai a huta ba sai an gwada?

Ma'aikacin jinya:
Wa alaikumus salam yar uwa, Allah ya bawa Baba lafiya. Ruwan ba cikin huhun yake ba, tsakanin huhu ne da bangon ƙirji, dama can kowa yana da ɗan kaɗan a wajen. Gwajin ne zai nuna daga ina yake. In tsinkakke ne ba furotin sosai to yawanci zuciya ce ta gaza ko hanta ko ƙoda, ko an zuƙe dawowa yake sai an magance tushen. In furotin yayi yawa sai a duba numoniya, tarin fuka ko daji. Anan wajenmu in gefe ɗaya ne ga rama ga gumin dare, tarin fuka wato TB muke fara zargi, maganinsa wata 6 ne kuma kyauta ake bayarwa. Sannan ba a cika jan sama da lita 1 da rabi a tashi ɗaya ba saboda huhun na iya kumbura.

Maman yan biyu:
Ni nawa bayan haihuwa ne wallahi, gefe biyu, ƙafafuna suntum in ka danna yatsa ya lotsa. Zuciya ce. Ko allurar ba a min ba, maganin sa fitsari da na zuciya aka bani, aka hanani gishiri da kunun kanwa.

Ɗan Zariya:
Akwai kuma wanda mugunya ce ke taruwa, ƙanina haka yayi bayan numoniya, sai da aka sa masa roba a gefe kwana 8. Wani jini ne bayan hatsari. Dan Allah kar ku bari a yi masa ƙaho ko sakiya.

Yar Gwale:
Nagode sosai. Gumin daren kam yana yi, har zanin gado muke canzawa, gobe zan faɗawa likitan.