Tambaya ga masu wasan waya: shin Alto's Odyssey ya cancanci wuri a wayata?

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aiki a cikin birnin Katsina, iyalina kuma suna Daura, saboda haka kowace Juma'a da yamma nakan shiga motar haya in tafi gida, in dawo ranar Lahadi. Shekara da shekaru Subway Surfers ne abokin tafiyata a wannan hanya, amma yanzu ya fita daga raina, domin launukansa da hayaniyarsa suna gajiyar da idona. A makon jiya wani matashi da muka zauna kujera ɗaya ya nuna mini wani wasan gudu mai suna Alto's Odyssey, inda mutum yake sulɓi a kan tudun rairayi, kuma ya ce mini 'yan mutane kaɗan ne suka ƙirƙire shi. Wayata ƙarama ce, ba ta da wuri da yawa, sai na goge wani abu kafin in sauke shi. Ina roƙon waɗanda suka buga shi su gaya mini ko yana aiki ba tare da data ba, ko yana gundurar mutum bayan 'yan kwanaki, da kuma ko zan iya miƙa wa ɗana mai shekara 9 ba tare da fargaba ba.

Malamin Firamare daga Daura ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na daɗe ina buga wannan wasa, kuma amsar tambayarka ta farko ita ce yana aiki lafiya lau ko da ka kashe data, da zarar ka gama sauke shi.

Matashin nan gaskiya ya faɗa maka. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Snowman a birnin Toronto na ƙasar Kanada ya fitar da shi a 2018, tare da mai zane ɗan Ingila, Harry Nesbitt. Kafin shi sun yi Alto's Adventure a 2015, wanda ake buga shi a kan duwatsu masu dusar ƙanƙara, ana bin dabbobin lama, wato wasu dangin raƙumi, da suka tsere daga garke. A wayoyin iPhone sayar da shi aka yi, a Android kuwa kyauta ne, talla ce take biyan kuɗin. Irin wannan wasa dama daga hannun 'yan tsiraru ya taso: Canabalt, wanda ya buɗe wa sauran hanya a 2009, mutum ɗaya ne, Adam Saltsman, ya tsara shi, Temple Run na 2011 kuma mata da miji ne suka kafa kamfanin da ya yi shi.

Abin da ya riƙe ni a kansa shi ne yatsa ɗaya kawai yake buƙata. Idan ka taɓa fuskar waya, yaron da ke sulɓi a cikin wasan zai yi tsalle, idan ka danne ba ka saki ba, zai yi alkafura a sama. Gwanintar duka tana cikin sanin lokacin da za ka saki yatsan, domin idan ka saki da wuri ko ka makara, da ka zai sauka, gudun kuma ya ƙare. Idan ka jera alkafura da sulɓi a kan igiya da tsalle daga kan balan-balan ba tare da ka taɓa ƙasa ba, za ka ga gyalen da ke wuyansa yana ƙara tsawo, saurinsa yana ƙaruwa. Ranar da na fara fahimtar cewa gyalen nan shi ne ma'aunin ƙwazona, na daina kallon maki gaba ɗaya. Kuma duk lokacin da na faɗi, na san laifin yatsana ne, ban taɓa jin cewa an shirya mini tarko don in biya kuɗi ba. Wannan adalci shi ne babban abin da nake nema a wasa.

Game da gundura, hanyar ba ta maimaita kanta, domin wasan ne yake harhaɗa ta sabuwa a kowane gudu, daga tuddan rairayi zuwa kwazazzabai zuwa tsofaffin gine-gine. Ana kuma ba ka ayyuka uku-uku, sai ka cika su kafin ka hau mataki na gaba.

Matashi daga Ƙofar Marusa ya amsa:

Malam, ina girmama ra'ayinka, amma ina ganin ya kamata Yaya ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya goge abin da ke wayarsa. Ni mako biyu na yi da wasan na cire shi. Yana da kyau a ido, wannan babu musu, sai dai kyan nan ne yake cutar da mai wasa idan dare ya yi a cikinsa. Rana tana faɗuwa a wasan kamar yadda take faɗuwa a duniya, kuma idan duhu ya shiga ko guguwar rairayi ta taso, duwatsun da ke kan hanya sukan saje da ƙasa. Wanda yake zaune a ɗaki zai iya hango su, amma wanda yake cikin mota da la'asar, hasken rana yana dukan gilashin wayarsa, ba zai ga dutsen ba sai ya yi karo da shi. A nan ban yarda cewa laifin yatsa ne kaɗai ba. Idan kuma ka ƙure hasken waya don ka gani, cajinka ne zai tafi.

Na biyu, wasan na mutum ɗaya ne da zuciyarsa. Mu a majalisarmu daɗin wasan gudu shi ne a miƙa wa juna waya, kowa ya yi ƙoƙarin karya makin ɗan'uwansa, ana ihu ana gardama. Alto a hankali yake farawa, mai kallo ba ya jin zumuɗi, shi ya sa abokaina ba su karɓe shi ba.

Maman Yara daga Unguwar Sabon Layi ta amsa:

Ni tambayarka ta uku zan amsa, Malam, domin ita ta fi damuna. A cikin wasan kansa ban ga abin ƙi ba: babu harbi, babu jini, babu shigar banza, kuma abin da yake bin mai gudu wata 'yar dabba ce mai kama da biri. Akwai ma wani sashe da suka ware wanda babu maki a cikinsa kuma ba a faɗuwa wasa, idan yaro ya tuntsura sai ya tashi ya ci gaba. Wannan sashe nake buɗe wa 'yata, domin ba ya sa ta fushi ko kuka kamar yadda wasu wasanni suke yi.

Inda nake jan hankalinka shi ne talla, kuma wannan ya shafi kowane wasan kyauta. Tallar daga intanet take zuwa, ba ka da iko a kan abin da za a nuna. Na taɓa ba ɗana wani wasa daban, ina cikin girki na ji sautin ya canza, da na leƙa sai na tarar tallar caca ce take gudana a gaban yaro ɗan shekara 7. Tun daga ranar ba na miƙa wa yaro waya sai na kashe data da hannuna, kuma na sa lambar sirri a kan sayen komai. Ka kuma yanke masa lokaci tun kafin ya fara, domin wasan da ba shi da ƙarshe ba zai tsaya da kansa ba idan an kira salla.

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na sauke shi ranar Alhamis, na kuma gwada shi jiya a hanyar Daura da data a kashe, bai tsaya mini ko sau ɗaya ba. Ƙanena na Ƙofar Marusa, maganarka ta tabbata, domin wajen Mashi dare ya yi a cikin wasan alhali rana tana haska fuskar wayata, na yi karo da dutse sau uku a jere, har sai da na kare wayar da hulata. Duk da haka zan bar shi, saboda na isa gida idona bai yi nauyi ba, kuma na samu jera alkafura biyu kafin mu shiga gari. Hajiya, na bi shawararki, sashen da babu maki na buɗe wa yaron, na ba shi daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Malam, saura ka koya mini yadda ake hawa bangon kwazazzabo, domin a nan nake faɗawa rami kullum.