Kyahan na Japan: wa ya ce tsumma ne?

Baban Zara: Jama'a, abin nan ya dame ni. Duk wanda ya ga hoton samurai, mayaƙan Japan na da, sai ya hau yabon takobi da kwalkwali, ba mai duban ƙafa. Alhali wannan tsumman da suke ɗaurawa daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, kyahan, da shi matafiya suka riƙa taka hanyar Tokaido daga Edo (Tokyo ta yanzu) zuwa Kyoto, zango 53 a ƙasa. Yana kare ƙwauri daga ƙaya da sanyi, yana tattare bakin wando. Jiya na faɗi haka a majalisa, aka yi mini dariya.

Tela Mai Keke: Tsumma kuma? Haba Alhaji! Abin da aka yanka, aka ɗinka, aka sa wa igiya, ai ya wuce tsumma. Ka raina mana sana'a.

Ɗan Autan Hajiya: Gaskiyar Tela. Kuma na yaƙi ƙarfe ne, suneate sunansa, yana cikin sulke.

Baban Zara: Yaro, a kan me ake ɗaura suneate ɗin? A kan kyahan, don kada ƙarfe ya ci fata.

Maman Hanif: To ko yau masu ziyarar wuraren bauta 88 na tsibirin Shikoku wasunsu na ɗaura fari tas. Wa zai tafi ibadarsa da tsumma?

Malamin Gwaji: A garinmu kowane ƙyalle tsumma muke ce masa, ba zagi ba ne.

Tela Mai Keke: Kai dama duk inda Alhaji ya sa ƙafa nan kake sawa.

Malamin Gwaji: Kai kuma ɗinkin sallar da na ba ka yana ina?

Tela Mai Keke: Ka cika kuɗin tukuna!

Ɗan Autan Hajiya: Ni dai a janye "yaro". Ina da iyali.

Baban Zara: Jama'a, maganar ƙafar matafiya fa nake yi.

Maman Hanif: Ka fara janye tsumman, Yaya.

Shugaban Zaure: To, ya isa. Abin da na fahimta: kowa ya yarda kyahan ɗinkakken tufa ne, don haka Tela, wanda na san aikinsa shekara da shekaru, shi ke da gaskiya. Alhaji ya gyara kalmarsa. Malam kuma ya biya cikon kuɗin ɗinki kafin Juma'a. Na rufe wannan magana.